Inna Mai Gawayi Ba Ta Ba Kowa Guba Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a mai da mu, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Surukata, uwar mijina, wadda duk Zongon Kumasi ke kira Inna mai gawayi, ta rasu ranar Talata da hantsi, ana yayyafi. Ni na rufe mata ido. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kuma mazan da suka tsaya mata salla ba su cika sahu biyu ba. Ta jikin zana na leƙa na gani da idona.

Masu gaisuwa sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun zauna a tabarma, sun ce Allah ya jiƙanta, Allah ya ba mu haƙuri. Amma da na kawo ruwa a ƙwarya, sai ƙwaryar ta zaga tsakar gida ta dawo mini a cike. Wata ta ce azumi take yi, ga jan goro ɗanye a haƙoranta. Wata ta ce haƙori ke damunta. Matar ladan kuwa da butarta ta zo daga gida, ta ɓoye cikin mayafi tana kurɓa a sace, ta ɗauka kuka ya makantar da ni.

Gwaggo, ƙanwar marigayi surukina, ita ta zauna a kan buzu kusa da ƙofar ɗaki tana karɓar gaisuwa, kamar ita aka yi wa rashin. Ta ja carbi ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Allah dai mai gafara ne. Abin da ta aikata, tsakaninta da Ubangijinta.” Mata suka amsa, “Haka ne, Gwaggo.” Na sunkuyar da kai don kada su ga abin da ke fuskata.

Mutum ɗaya ce ta yi kukan da ya isa kuka, ita ma ba musulma ba ce. Maame, wata Ba'asantiya daga Kwadaso, wadda ta fi shekara ashirin tana kawo wa Inna ɓawon kwakwar manja a ka. Ta shigo da baƙin zane, hannu biyu a ka, tana ihu da gaisuwar mutuwa irin ta Asantawa: “Due! Due! Inna ya tafi! Wa zai zagi ni yanzu?” Ta ga ƙwaryar da aka ƙi, ta ɗauka ta shanye tas, ta miƙo mini na ƙara. Sannan ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya ta ce, “Ku ba ya sha? Wannan ruwa ya fi na gidan Bature.” 

Baƙon da bai san Zongo ba zai tambayi me ya sa. To, ga abin da ake faɗa. Shekara goma sha bakwai da suka wuce an yi walima a gidanmu, aka ba malamai lamurje suka tofar, bayan 'yan kwanaki wani babban malami baƙo ya rasu, aka ce Inna ce ta sa masa guba. Da wannan suna ta rayu, da shi aka binne ta. Ƙarya ce. Ba guba a lamurjen nan, kuma ba ita ta haɗa shi ba. Ni na haɗa. Ɗanta, mijina, bai taɓa sani ba har ta rasu, kuma na san faɗar wannan magana tana iya raba ni da ɗakina da 'ya'yana. Duk da haka sai na faɗa. Mahaifina malami ne, ya koya mini rubutu kafin ya rasu, ban taɓa ganin ranarsa ba sai yanzu.

Amma kafin in zo kan laifina, bari ku san wadda kuka ƙi shan ruwanta.

'Yar maƙera ce daga ƙasar Kano. A ƙafa ta biyo mijinta, falken goro, lokacin da ƙasar Asante ta fara lafawa bayan yaƙi, Zongo kuwa 'yan bukkoki ne a bakin fadama. Rijiyoyinmu kun san su. Ruwan ja-ja ne, yana warin ruɓaɓɓen ganye, in damina ta yi nisa ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki. A daminarta ta farko ta binne 'ya'ya biyu, duk gudawa. Ba ta cika son zancen ba. Sau ɗaya ta ce mini, “Tun ranar na ƙulla gaba da ruwan garin nan, kuma ba mu shirya ba.”

A maƙerar ubanta ta fara lura cewa kwamin ruwan da gawayi ya zuba a ciki ba ya yin wari kamar sauran. Wannan ta tuna, ta yi ta gwaji har ta gano hanyarta. A tafasa ruwa tukuna. A juye a randa a bar shi ya huce sarai, har in ka sa gwiwar hannu ka ji sanyi. Sannan a zuba dakakken gawayi, a rufe, a bar shi ya kwana ya wuni. Sai a tace da farin ƙyalle. Abin da ke fitowa fari ne tas, ba wari, ba ɗanɗanon laka. Gawayin ɓawon kwakwa ta fi so, ta ce ya fi na itace kwaɗayi, shi ya haɗa ta da Maame. Kullum sai sun yi faɗa a kan ɓawon ya jiƙe ko bai jiƙe ba, Inna da guntun Asantancinta, Maame da gurguwar Hausarta, su gama su raba goro.

Ranar da aka kawo ni gidan, kafin ta nuna mini madafa ɗakin randuna ta nuna mini. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan gida, inda rana ba ta kaiwa, rufin ciyawa mai kauri, randuna uku zaune cikin jiƙaƙƙen yashi, kowace an yafa mata jiƙaƙƙen buhu. Ta karya gawayi ɗaya ta kai mini har hanci.

“Amarya, duba nan. Kin ga 'yan ƙofofin nan?”

Na ce na gani, Inna.

“Ƙarya kike, ba ki gani ba, ni ma da ƙyar nake gani. To, suna nan, ba iyaka. Mutane na cewa gawayi yana shanye wari. Ba sha yake ba, kamawa yake. A jikinsa warin ke maƙalewa, shi ya sa nake daka shi, don jikin ya yawaita. Amma ki riƙe abu ɗaya: sanyi ke kamawa, zafi ke saki.”

Da ta ga ina gyaɗa kai irin na sabuwar amarya, wadda ko an ce mata jaki ya yi ƙaho za ta ce to, sai ta ja ni ɗakin ajiya. A nan ake tara bandar kifi da daddawa, kuma tana rataye ƙullin gawayi a ciki don rage wari. Ta kwanto ƙulli ɗaya ta ce in sansana. Ban ji komai ba. Ta ɗora kasko a wuta har ya yi zafi, ta watsa gawayin a kai. Kafin in ja da baya gidan duk ya ɗauki warin kifi, har kaji suka taso. Ta yi dariya har da riƙe ciki ta ce, “Yanzu kin gani.”

Kwando biyu take ajiyewa a bakin ɗakin randuna. Na dama sabon gawayi ne. Na hagu shi take kira wanda ya ƙoshi, wato wanda ya gama aiki a randa ko a ɗakin ajiya, ya kama duk abin da zai iya kamawa. In na hagu ya cika sai ta zuba a tukunya, ta liƙe murfin da laka ta bar ɗan rami, ta ɗauka a ka zuwa bakin fadama wajen Race Course, ta haɗa masa wuta har tukunyar ta yi ja. Warin da ke tashi daga ramin nan, ko maƙiyinka ba ka so ya shaƙa. Ita kuwa tana tsaye ta inda iska ke busowa, hannu a ƙugu, tana cewa, “Amayar, ɗan nema, amayar ka koma da yunwarka.” In ya huce ya koma kwandon dama.

Ta san lokutan shekara ta bakin randa. In zafi ya tsananta kafin ruwan farko, sai ta ƙara gawayi, ta riƙa jiƙa buhunan sau uku a wuni, ta ce yanzu riƙonsa ya yi sako-sako. In damina ta zauna gari ya yi sanyi, sai ta rage. Ba ta taɓa cewa gawayinta magani ne ba. In an tambaye ta sai ta ce, “Wuta ke kashe abin da ke kashe mutum. Nawa wari da ja yake ɗaukewa, don ruwan ya shawu.”

Shekarar da cinikin goro ya buɗe wa mijina, ya sayi kwano ya rufe gidan duka, kowa na zuwa kallo. Da masu aiki suka kai kan ɗakin randuna, sai ta ɗauko taɓarya ta tsaya a ƙofa.

Ya ce, “Inna, mutane za su ce na rufe ko'ina na bar uwata cikin ciyawa.”

Ta ce, “Su ce. Ni na haife ka ko su? Ka ɗora mini kwano a kan randuna, ka mai da mini ɗaki tanda? Ka kai kwanonka can ka rufe bakin masu magana.”

Har yau ɗakin nan ne kaɗai mai ciyawa a layinmu.

Haka ta yi da saman-saman, duba-garin da ke shiga gidaje neman 'ya'yan sauro a randuna. Wani sabon zuwa ya ɗaga murfi ya ga baƙin abu a ƙasan ruwa, ya ɗaga sanda zai fasa. Ta riƙe sandar. Ta ɗebo na rijiya a ƙwarya ɗaya, nata a ɗaya, ta ce ya zaɓi wanda zai ba uwarsa. Mutumin ya sansana wannan, ya sansana wancan, ya gyara hularsa ya fita. Daga ranar, in rana ta dake shi, gidanmu yake biyowa wai ya zo dubawa, ya sha ƙwarya biyu ya wuce.

Tana da randa ta huɗu a ƙofar gida, da moɗa a kai, don masu wucewa. 'Yan kaya-kaya da ke ɗauko goro daga tasha, da matan da ke saukowa daga Suame da itace, duk a nan suke tsayawa. Masallaci ma daga gidanmu ake kai ruwan sha ranar Juma'a. In haihuwa ta yi gardama ita ake kira, duk da baƙin da ya zauna a layukan tafin hannunta, wanda ba sabulun da ke fitar da shi. Haka take a Zongo kafin ni in ɓata mata.

A watana na bakwai a gidan, ɗan Gwaggo ya sauke Alƙur'ani, aka ce a gidanmu za a yi walima don ya fi fili. Inna ta tanadi ruwan da ta ga zai isa. Da asuba aka zo aka tafi da ita, wata maƙwabciya ta kwana tana naƙuda. Da hantsi sai labari ya zo cewa wani babban malami daga Salaga ya sauka a gari da jama'arsa, kuma liman zai zo da su duka. Ruwan da ke randuna ko rabi ba zai kai ba.

Gwaggo ta tsaya a kaina. Dama ba ta so aurena ba, ta ce an kwaso marainiya wadda ba a san danginta ba. Ta ce, “Ke amarya, ruwa! Ko so kike a ce gidan yayana ba a iya shayar da malamai ba? Ki yi yadda 'yar maƙeran ke yi, ai ba karatu ba ne.”

Na dubi rana, na ga ba lokacin jira ruwa ya huce, balle ya kwana. Sai na ce a raina, ai komai da zafi ya fi sauri. Sabulu ya fi kumfa a ruwan zafi, ganye ya fi saurin jiƙa, me zai hana gawayi? Maganar Inna tana kunnena, na ture ta. Na tafasa manyan tukwane na juye a randuna suna tururi. Gawayin kwandon dama bai isa ba, na ɗauko na hagu na juye duka, har da ƙullin ɗakin kifi. Na gauraya da muciya, na tace. Ruwa ya fito fari, na ji daɗi, har ina ganin na fi Inna dabara. Hancina cike da hayaƙi, ga citta da tsamiya da barkono da na zuba, ban ji komai ba. Aka ɗauki lamurje aka kai zaure.

Abin da zafin nan ya yi shi ne, duk warin fadama da na kifi da na daddawa da gawayin ya kama ya riƙe na makonni, ya sake shi cikin ruwan malamai. Daga madafa na jiyo kakarin amai a zaure. Malamin Salaga, tsoho ne tukuf mai tari, ya tofar a kan rigarsa a gaban jama'a. Almajiransa suka tashe shi suka fita ba a yi addu'a ba.

Ana cikin wannan Inna ta shigo, zanenta duk jinin haihuwa. Ba ta tambayi kowa ba. Ta wuce ɗakin randuna, ta ɗora tafin hannu a jikin randa, ta ji da ɗumi. Ta dubi kwandon hagu ta gan shi wayam. Sannan ta dube ni. Ta fita tsakar gida inda kowa ke ji ta ce, “Ni na haɗa tun da asuba kafin in fita. Tsufa ne, na rikita kwandunan. A yi haƙuri.”

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, “Dama me za a samu a hannun 'yar maƙera?”

Da abin ya tsaya nan, da an yi wata ana dariya an manta. Amma bayan kwana tara malamin ya rasu a masaukinsa. Tarinsa da ya zo da shi daga Salaga ne ya kashe shi, wanda ya yi jinyarsa ya faɗa, ba a saurara ba. A ƙofar masallaci, bayan sallar Juma'a, aka fara cewa an sa masa wani abu. Kafin sati ya zagayo “wani abu” ya zama guba, har an samo dalili, wai wasu malaman gari ne suka saye ta don hassada.

Aka daina aiko yaran masallaci ɗaukar ruwa. Aka daina kiranta haihuwa, har matar da ta ceta a ranar walimar ta daina gaishe ta. In an yi biki a kawo mana abinci, kwanonmu ba a karɓar ramuwa a ciki. Sau biyu aka fasa randar ƙofar gida. Sau biyu ta sayo sabuwa ta girka a wurin, ta cika, ta ɗora moɗa. 'Yan kaya-kaya da Asantawa suka ci gaba da sha, su ba ruwansu. In za ta kasuwa ba ta bin bayan layi, ta tsakiya take ratsawa, kai a sama, in ta tarar da mata a gindin bishiya ta ce, “Sannunku da hutawa, masu tsoron ruwa.” A cikin gida ma ta koma cin abinci ita kaɗai, ta ce kada a ce jikokinta sun ci da ita a ƙi aurensu.

Na same ta a ɗakin randuna bayan rasuwar malamin, na durƙusa ina kuka, na ce zan je in faɗa.

Ta ce, “Ki faɗa wa wa? Tashi, kina jiƙa mini yashi da abin da ba shi nake so ba. Ke marainiya ce, ga ciki wata huɗu. Ni ɗana ba shi da yadda zai sake ni. Ke kuwa kalma ɗaya ce, Gwaggonsa ta sa shi gaba, ki tsinci kanki a tasha ba ki san inda za ki ba. Ki rantse mini, muddin ina numfashi ba za ki buɗe baki ba.”

Na rantse. Kuma ga abin da ya fi ci mini rai: ban yi gardama sosai ba. Da na fito daga ɗakin, sauƙi na ji. Na haifi 'ya'ya biyar a gidan nan, na yi ƙiba, ana kirana biki ana ba ni wurin zama, ita tana can bayan gida da ƙwaryar tuwonta. Ina kai mata, in dawo cikin mutane in yi dariya. Ina jin kunyar wannan fiye da kunyar lamurjen.

Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Har na yi furfurar farko Amarya take kirana. In na yi gaggawa a wani aiki sai ta ce, “Amarya sarkin sauri,” ta kashe mini ido, iyakar abin ke nan. Ni ta koya wa ƙona gawayi da ƙafafunta suka gaza. A ciwonta na ƙarshe na kawo mata ruwa, ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, “Wannan bai kwana ba.” Gaskiyarta, da 'yan sa'o'i na rage masa. Ta sa na mayar na kawo na jiya.

Ranar sadakar bakwai gidan ya cika da mata, don akwai waina. Gwaggo ta sake jan carbinta ta fara, “Allah dai mai gafara ne,” sai na ji ba zan iya ji karo na biyu ba. Na tashi na ɗauko kwandon hagu na ajiye a tsakiyarsu. Na zuba gawayin a ƙwarya biyu, ɗaya na zuba mata ruwan randa, ɗaya na kwarara mata tafasasshe daga murhu. Na bi su ɗaya-ɗaya ina kai musu hanci. Ta sanyi ba su ji komai ba. Ta zafi kuwa kowace sai ta kau da kai tana toshe hanci, tsofaffin cikinsu suka dubi juna, don sun tuna warin.

Na ce, “Wannan ce gubar da kuka ƙi Inna a kanta shekara goma sha bakwai. Warin kifi ne da fadama. Kuma tana wajen haihuwa aka haɗa shi. Ni na zuba ruwan zafi, ni na juye kwandon nan. Ta ɗauka ne don kada a kore ni.”

Na zaci ihu za a yi. Gwaggo ce ta yi tsaki ta ce, “To sai me? Kin ɗauka ban sani ba? Ina tsaye a kanki kika juye kwandon.”

Ita kanta sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Matar ladan ta ajiye wainar da ke hannunta ta ce, “Kin sani, Gwaggo? Duk shekarun nan?” Gwaggo ta nemi takalmanta. Ba wadda ta tashi raka ta.

Amma maganar tsakar gida a tsakar gida take tsayawa. A ƙofar masallaci aka yanke wa Inna hukunci, a bakin maza, kuma can ba a ji ba, ko an ji an ce surutun mata ne. Mijina yana zaure ranar, ya ji komai. Tun daga lokacin bai ci tuwona ba, bai shiga ɗakina ba, in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Sau ɗaya ya yi magana, ba ma da ni ba, da ƙofar ɗakin uwarsa: “Shekara goma sha bakwai tana ci ita kaɗai.” Gaskiya ya faɗa.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ban ma san wa zai karanta ba. Ku da kuka ƙi bin gawarta, ku da kuka zo da butocinku, ba roƙonku nake yi ba. Ba ta roƙe ku tana raye ba, ni ba zan roƙa mata yanzu ba. Faɗa muku nake yi. In akwai wanda za ku ƙi shan ruwansa a Zongon nan, ga ni, kun san gidan. Ita ku sake mata suna.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka da ta shayar da wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Ka yalwata mata kabari, ka haɗa ta da 'ya'yanta biyu da ta binne a daminar farko, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka. Ni kuma ka yafe mini shirun da na ji daɗinsa.

Yau Juma'a, gobe arba'in. Ɗazu ina rubuta addu'ar nan mijina ya shigo ya tsaya a kaina. Ya ɗauki takardun farko ya karanta a tsaye, har ƙarshe, bai zauna ba. Sannan ya yi mini magana, karo na farko cikin wata guda da 'yan kwanaki.

Ya ce, “Wa zai karanta musu?”

Na ce ban sani ba, mace ba ta tsayawa a ƙofar masallaci.

Ya ce, “Ƙarasa ki ba ni. In an sallame zan tsaya a ƙofa in karanta, kowa na ji, da sunan matata a ciki. Maganar ni da ke kuma, sai na dawo.”

Ladan ya yi kiran farko. Mijina yana tsaye a bakin ƙofa da babbar rigarsa yana jiran tawada ta bushe. Na riga na ɗaure kayana na ajiye a bayan ƙyaure. In ya dawo ya ce in tafi, zan tafi, amma ba zan bar gidan nan ba sai an fara faɗa mini fuskar da liman ya yi.